Kafin ka aika takardar neman digiri na uku kan BCL-2

Ƙanena, ka ce kana son fitowa waje digiri na uku, kuma taken bincikenka "tasirin BCL-2 a cututtukan daji". Ka rage masa faɗi. Malamin da zai duba takardar zai gane ba ka san furotin ɗin ba tukuna, domin kowace kansa da yadda take hulɗa da shi.

Aikinsa hana ƙwayar halitta mutuwa. Yana tare furotin BAX da BAK kada su huda fatar mitokondiriya, wato injin samar wa ƙwaya kuzari. In suka huda, furotin cytochrome c ya tsiyayo, sinadarai masu yanka furotin da ake kira caspase su daddatse ƙwayar daga ciki. A 1988 ne Vaux da Cory da Adams suka nuna a Melbourne cewa ba hayayyafa yake sa ƙwaya ba, mutuwa kawai yake hana ta. A limfomar follicular, wata kansar fararen ƙwayoyin jini, kuromosom 14 da 18 kan yi musayar guntu, sai BCL-2 ya yi ta ambaliya.

Kansar jini ta CLL kuwa da shi ta rataya rayuwarta. Shi ya sa venetoclax, maganin da ke toshe BCL-2, wanda Amurka ta amince da shi a 2016, yake cin ta, har ya so ya yi yawa: ƙwayoyi su mutu lokaci guda, potassium da uric acid su cika jini, ƙoda ta gaza. Don haka ake ƙara yawan maganin a hankali, miligiram 20, 50, 100, 200, sannan 400, cikin mako biyar.

A kansar mama labarin ya juya. Yawan BCL-2 kan zo tare da makarɓar estrogen, kuma galibi alamar sauƙi ce. Ƙari masu tauri da dama kan jingina da MCL-1 ko BCL-XL, 'yan uwan BCL-2 masu irin aikinsa. Maganin navitoclax da ke taɓa BCL-XL kuma yana zubar da ƙwayoyin daskarar da jini. Kenan yawan furotin a jikin ƙari bai nuna da shi yake rayuwa ba, kuma nan ne ɗalibai suka fi faɗawa rami. Ɗauki nau'in kansa ɗaya da tambaya ɗaya.

Za a tambaye ka yadda za ka auna mutuwar. Kada ka ce gwajin MTT, kuzarin ƙwaya yake aunawa. Ka ce Annexin V da PI, masu yi wa ƙwayoyin da ke mutuwa alama, ka ƙara da caspase-3 da ya tsage. Annexin ba ya kamawa sai da calcium, saboda haka a wanke EDTA tas, domin shi yana kame calcium. Ƙwayoyin da ke yawo a saman ruwan kwano kuma kada a zubar, su ne matattun da kake nema.