Karenmu ya hana a taɓa Baba da ya faɗi

Ɗan'uwa daga Tahoua, ka ce Baba ya faɗi a tsakar gida, karen ya yi ta lasar fuskarsa, ya hana maƙwabta matsowa. Ba hauka ba ne, gadi ne. Kare na gane tashin hankali daga murya da warin gumi, amma ba ya bambance mai ceto da mai cuta. Wani ma ɓuya yake yi.

Kada a dake shi, kada a ƙura masa ido. Wanda ke ba shi abinci ya kira shi a hankali, ya kulle shi a ɗaki, a buga 18, lambar 'yan kwana-kwana masu kai ɗaukin gaggawa, domin Baba. In ya ciji wani, a wanke wurin da sabulu da ruwa minti 15, a je asibiti ranar don allurar haukan kare.