Yara sun yi zuru, shugaba na tsoron almakashi: yaya zan yi da shirin yara a laburare?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni ce ke kula da sashen yara a wani ƙaramin laburare na unguwa. Duk ranar Asabar mukan tara yara kamar 25, 'yan shekara 6 zuwa 12. In na raba musu takarda na ce kowa ya zana abin da ransa yake so, sai su yi zuru suna kallona, ko kuma kowa ya kwafi na kusa da shi. Na so in kawo almakashi da kwali da yumɓu, amma shugabanmu ya ce kada yaro ya ji ciwo iyaye su zo mana da magana, kuma kada a ɓata littattafai. Ina mafita? Daga wata malama a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya saka miki da alheri kan wannan aiki da kike yi wa 'ya'yan mutane.

Zurun nan da yaran ke yi ba rashin basira ba ne. Yaron da ya zauna gabanki ya kasa ja ko layi ɗaya, shi ne jiya da yamma ya tsinto karan dawa da tsohon silifa ya ƙera mota mai taya huɗu, har da sitiyari mai tsawo yana tura ta a bayan gida. Yarinyar da ta sunkuyar da kai, ita ce ta ɗinka wa 'yar tsanarta zani da kallabi da ƙyallen da ta roƙo a shagon tela. Abin da ya faru shi ne, da suka shigo ɗaki mai kujeru da littattafai da babba a tsaye, sai suka ɗauka aji ne. A aji kuwa sun saba amsa ɗaya ce daidai, wanda ya kuskure a yi masa dariya ko ya sha bulala. Sai suka riƙe karin maganar nan, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Don haka kasadar farko da za ki koya musu ba ta almakashi ba ce, ta yin kuskure a gaban mutane ce.

Amma bari mu fara da damuwar shugabanku, domin yana da gaskiyarsa, amana ce a hannunku. Abin da zai taimaka masa shi ne ya bambance tsakanin hatsari da kasada. Hatsari shi ne abin da yaro ba zai iya gani ko aunawa da kansa ba: wayar lantarki da ta zare, kantar littattafai da ba a kafe ta da bango ba, langa-langa mai tsatsa, reza ɗaya da yara goma ke karɓa-karɓa alhali jini na iya ɗaukar cuta daga wani zuwa wani. Ki ƙara da ƙaramin batirin nan mai kama da maɓalli da ake sa wa agogo, wanda in yaro ya haɗiye shi yana iya ƙona masa maƙogwaro cikin awa 2 kacal. Waɗannan aikin manya ne su kawar da su, babu sassauci. Kasada kuwa ita ce abin da yaro yake gani da idonsa, ya san da ɗan wuya, ya auna kansa, ya ce bari in gwada. Yanka kwali da almakashi kasada ce. Hawa kan benci a ba da labari ma kasada ce.

Masana sun daɗe a kan wannan. A 1943 aka buɗe wani filin wasa a unguwar Emdrup ta babban birnin Denmak, bisa shawarar wani mai tsara lambuna, C. Th. Sørensen, wanda ya lura cewa yara sun fi son wasa a inda ake gini a kan filayen da aka ƙawata musu. Sai aka zuba musu katako da bulo da guduma, aka sa babba ɗaya yana lura. Wata masaniya 'yar Norwe, Ellen Sandseter, a 2007 ta kasa wasan kasada gida 6: hawa sama, gudu da sauri, amfani da kayan aiki masu kaifi, wasa kusa da ruwa ko wuta, kokawa, da yin nisa da idon manya. A farkon 2024 kuma ƙungiyar likitocin yara ta Kanada ta fitar da matsayarta cewa a kare yara gwargwadon buƙata, ba a killace su daga komai ba. Likitoci ke nan, waɗanda su ake kai wa yaro in ya ji ciwo. Ba na cewa ki hura wuta a laburare. Cikin shidan nan, kayan aiki ne kawai ya shafe ki. Game da ko wannan hurumin laburare ne, ki nuna wa shugabanku cewa kundin UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, na 1994 kan ɗakunan karatu na jama'a ya lissafa zaburar da tunani da ƙirƙirar yara cikin ayyukan laburare.

To yaya za ki fara? Ki ajiye farar takardar nan tukuna, tsoro take ba su. Ki shimfiɗa tabarmi a baranda ko ƙarƙashin bishiya, nesa da kantoci, shi ke nan an kashe maganar ɓata littattafai. Ki zuba kara, kwali, marafan kwalba, zare, ƙyallaye, tsofaffin silifa, yumɓu da bokitin ruwa na wanke hannu. Ki karanta musu gajeren labari, sannan ki jefa musu matsala ɗaya: ga kogi, ga akuya tana son tsallakawa, kowane rukuni ya gina gadar da za ta ɗauki wannan dutsen. Matsala ta fi "zana abin da kake so" sauƙin kamawa, kuma hanyoyin warware ta ba su da iyaka. Ki kiyayi abu guda: kada ki kawo samfurin da kika yi a gida. Da zarar sun ga naki, an gama, kowa zai yi ta ƙoƙarin yin irinsa.

Almakashi kuma ki samo masu dakusasshen baki, guda 5 ko 6 sun isa. Ki koya musu ƙa'ida uku rak, a zaune ake yanka, ba a yanka ta wajen jiki, in za a miƙa wa wani a riƙe bakin a miƙa masa marikin. Yara 5 ko 6 ga babba ɗaya, a ajiye auduga da filasta a kusa. Wani zai ɗan yanke yatsa wata rana, wannan babu makawa. Ki wanke, ki ɗaure, ki gaya wa mahaifiyarsa da bakinki kafin ta gani da idonta.

Inda aikin ya fi wuya, Malama, shi ne hannunki da bakinki. Na taɓa tsayawa a kan wani yaro ɗan shekara 8 yana haɗa motar kara. Ya huda tayar silifa a gefe maimakon tsakiya, motar na tafiya tana ɗingishi. Hannuna har ya miƙe zan karɓa in gyara masa, sai na daure na tsugunna na ce, "Me kake ganin ya sa take tsalle?" Ya juya ta, ya murza tayar da yatsa, ya yi shiru ya kai minti biyu. Can ya ce, "Ramin ne ba a tsakiya ba." Ya yanko wata tayar, ya naɗe zare ya auna faɗinta, ya ninka zaren biyu ya samo tsakiyar. Ba wanda ya koya masa wannan. Da na karɓa na gyara, da motar ta yi kyau cikin minti ɗaya, shi kuma ya tafi gida da sanin cewa in abu ya gagara babba ake miƙa wa. Haka nan kalmar "a yi hankali!" da muke yawan jefawa, ba ta gaya wa yaro komai sai dai ta tsorata shi. Gara ki ce, "Ina ɗaya hannun naka yake in kana yankan?"

Yabo ma sai an kula. A 1998 wasu masana halayyar ɗan Adam, Claudia Mueller da Carol Dweck, suka gwada yara 'yan kimanin shekara 10 a Amurka. Waɗanda aka yaba wa da cewa suna da ƙwaƙwalwa, sai suka riƙa zaɓar aiki mai sauƙi don kada su faɗi a ga gazawarsu. Waɗanda aka yaba wa ƙoƙarinsu kuwa suka fi dagewa kan mai wuya. Saboda haka maimakon "Kai, haziƙi ne kai," ki ce, "Na ga sau uku gadarka ta rushe, ka sauya dabara." Kuma ki bar maganar na ɗaya da na biyu. Ranar da kika sa kyauta ga wanda ya fi kowa, yara 24 za su koma gida da cewa ba su iya ba.

Kada ki manta da tatsuniya, ita ce kasadar da ba ta buƙatar ko sisi. Ki ce "Ga ta nan, ga ta nan ku," su amsa "Ta zo mu ji ta," ki ja labarin Gizo da Ƙoƙi har inda Gizo ya shiga tsaka mai wuya, sai ki tsaya cak. Ki ce wa zai fitar da shi? Mai kunya ki bar ta ta fara raɗa wa ƙawarta, wani makon ta faɗa wa mutum huɗu, a hankali za ta miƙe gaban kowa. Ki rubuta abin da suka faɗa da sunan kowa, ki ɗinke takardun da zare, ki ajiye a kanta tare da sauran littattafai. Yaron da ya ga sunansa a kantar laburare ba sai an roƙe shi ya kula da littafi ba.

Iyaye kuma ki riga su. Kafin a fara, ki aika musu da 'yar takarda ko saƙon murya kan abin da za a yi, da kayan da za a taɓa, da cewa yaro ya zo da tsofaffin tufafi. Ki nemi uwaye biyu su zo su taya ki zama, ko tela ko kafinta na unguwa ya ba ku awa ɗaya. Shugabanku kuwa ki roƙe shi Asabar 4 kawai na gwaji, da yara 10 'yan shekara 9 zuwa sama, kwali da zare da almakashi kaɗai, yumɓu ya jira. Asabar ta huɗu ki gayyace shi ya zo, ki ba shi dutsen ya ɗora a kan gadojin da hannunsa.