Murhun gas yana kamawa, ina sakin makunni sai ya mutu

'Yar'uwa, kin ce sabon murhunki na gas yana ƙara tas-tas-tas, wuta ta kama, amma kina cire hannu sai ta mutu. Kwantar da hankalinki, ba lalacewa ya yi ba.

Duba gefen kan murhun, za ki ga ɗan ƙarfe mai tsini kamar bakin biro. Sai ya ji zafi yake barin gas ya ci gaba da fitowa. Don haka ki danna makunnin ciki, ki murɗa hagu zuwa alamar babbar wuta, ki riƙe shi a danne kamar daƙiƙa 10 bayan ta kama, sannan ki saki a hankali. In daƙiƙa 15 ta wuce bai kama ba, ki kashe, ki jira minti 1 iska ta kwashe gas ɗin. Wannan jiran ne mutane ke rainawa, har wuta ta tashi fuu ta babbake musu gira.

Ranar da babu lantarki, ki fara ƙyasta ashana kafin ki buɗe gas.

In har yanzu yana gardama, ki duba ko murfin kan ya zauna daidai, ko kuma akwai sauran ruwan wanki a ramukan da wuta ke fitowa. Wutar kirki shuɗiya ce. Mai ruwan ɗorawa tana baƙanta gindin tukunya, tana iya fitar da iska mai guba.

Kika ji warin gas kuwa, don Allah kada ki taɓa makunnin lantarki. Rufe tukunyar gas ɗin, ki buɗe tagogi da ƙofa, domin gas ɗin tukunya ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya.