Ko guga a gida zai kawo ɗan kuɗin cefane?

'Yar'uwa, zai kawo, amma kada ki dogara da wutar nepa. Ki haɗa dutsen guga na gawayi da na lantarki, sai tebur, tsohon bargo da sitaci. Na gawayin sai da kula, don toka kaɗan a farar shadda ta isa ta kore miki kwastoma. Leshi ba ya son zafi, kayan da aka yi wa aiki kuma ta baibai ake goge su. Ki fara da maƙwabta; Alhamis da jajiberin sallah ne kasuwarki. Kayan da aka kawo ki ƙirga a gaban mai su, ki rubuta, ki laluba aljihu. Bashi kuwa, ni dai ban ba ki shawara ba.