Gida nawa ya kamata in raba kuɗina a wata?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ma'aikaciya ce mai ɗaukar albashi duk wata. Na sha ɗaura niyyar tsara yadda nake kashe kuɗi, har na sauke wata manhaja a waya da ta raba mini kashe-kashe gida fiye da ashirin: cefane daban, kuɗin mota daban, katin waya, sutura, kyauta, magani, da sauransu. Ba na kaiwa mako biyu sai in gaji in watsar, kuma ƙarshen wata kuɗin sun ƙare ban san inda suka shiga ba. Shin akwai hanya mai sauƙi da ba sai na zama akanta ba? Gida nawa ne mafi ƙaranci da zai wadatar?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Gida uku ya ishe ki, kuma a cikin ukun nan ɗaya kaɗai za ki riƙa sa wa ido kullum.

Gajiyar da kika yi ba lalaci ba ne. Manhajar nan ta raba miki kuɗi bisa abin da aka saya da su, wanda aikin mai rubuta tarihi ne: tana gaya miki abin da ya riga ya wuce. Ki sayi sabulu da magani da littafin yaro a wuri ɗaya, sai ki dawo gida ki zauna kina fasa rasit gida uku. To bayan kin fasa, me ya canza? Kuɗin dai sun fita. Amfanin kasafi shi ne ya ba ki amsa a lokacin da kike tsaye gaban kaya hannunki na cikin jaka: in saya ko in bari? Duk gidan da ba ya taimaka miki wajen wannan amsa, nauyi ne kawai. Saboda haka ki raba kuɗinki bisa irin ikon da kike da shi a kansu.

Gida na farko shi ne abin da ya riga ya hau kanki tun kafin wata ya kama: haya, kuɗin wuta da ruwa, kuɗin makaranta, biyan bashi na wata-wata, kuɗin zuwa aiki idan kusan adadi ɗaya ne kullum, da abin da kika saba tura wa iyaye ko wani da ke ƙarƙashinki. Waɗannan ba a yanke shawara a kansu kowace rana. Ki lissafa su sau ɗaya, ki biya su a ranar da albashi ya shigo ko ki ware su gefe, ki manta da su. Sau ɗaya ko biyu a shekara ki sake duba jerin, don a nan ne ake samun ragi mai kauri, kamar wani biyan kuɗi na wata-wata da kin daina amfani da shi amma har yanzu ana cirewa.

Gida na biyu ajiya ce, kuma ita ma ranar albashi ake cire ta, ba ƙarshen wata ba. Wanda ya ce sai abin da ya rage zai ajiye, yawanci babu abin da ke ragewa. A nan ne mafi yawan kasafi ke rushewa, don mutane suna ɗaukar ajiya a matsayin kuɗin mafarki, na gina gida ko sayen mota, su manta da kashe-kashen da ba sa zuwa duk wata amma tabbas suna zuwa. Gyaran mota, sabunta takardu, canza waya idan ta mutu, tafiyar da kin san za ki yi, kayan makaranta a farkon zango. Ba ba-zata ba ne, kin san da su, ranar ce kawai ba ta zo ba. Ki zauna ki tattara duk irin waɗannan na shekara guda, ki raba jimillar gida 12, ki riƙa zuba wannan kason duk wata. Idan hayarki ta shekara ce, haka ita ma za ki yi mata. A saman wannan sai ki ɗora ajiyar gaggawa ta gaske, ta rashin lafiya ko rasa aiki. Masu ba da shawara kan kuɗi sun saba cewa a tara abin da zai riƙe gida wata 3 zuwa 6. Kada adadin ya karya miki gwiwa, ki fara da nufin tara na wata ɗaya.

Duk abin da ya rage shi ne gida na uku, kuɗin kashewa. Cefane, sutura, katin waya, kyauta, ɗan abin marmari, duk tukunya ɗaya. Ba ruwanki da wanne ya ci nawa, muddin jimillar ba ta wuce iyaka ba.

Ga yadda lissafin yake. Mu ɗauka abin da ke shigo miki a wata 1,000 ne, ko da wane irin kuɗi, bayan an cire haraji. Wajibai sun ci 450, kin ware 150 na ajiya, saura 400. Kada ki riƙe wannan 400 a matsayin kuɗin wata, don wata yana da tsawo, a makon farko mutum yakan ji kansa attajiri. Ki mayar da shi na mako-mako. Sai dai akwai ɗan tarko: idan kika raba huɗu kika ba kanki 100 a mako, kin tanadi kwana 28 ne kawai, alhali wata kwana 30 ne ko 31, in ban da Fabrairu. Waɗannan kwana biyu ko ukun su ne ke kai mutane ga cin bashi dab da albashi. Shekara mako 52 ce, don haka ki ninka 400 sau 12 ki raba da 52, za ki samu kusan 92. To 92 ɗin nan ita ce lambarki. Duk ranar da kika zaɓa, a ce Litinin, ki cire ta tsaba ki sa a ambulan, ko ki tura ta wani asusu daban mai katinsa. Ranar Alhamis idan kika leƙa kika ga saura 30, ba sai wata manhaja ta yi miki bayani ba.

Raba kuɗin a zahiri yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato. Richard Thaler, masanin tattalin arziki ɗan Amurka da ya samu kyautar Nobel a 2017, ya yi fice wajen nuna cewa mutane ba sa ɗaukar kuɗi duk iri ɗaya: da zarar an laƙaba wa wani kaso suna, hannu yakan yi nauyin taɓa shi don wani abu daban. Idan kuwa haya da ajiya da cefane duk suna asusu ɗaya, lambar da kike gani a waya tana yaudararki, tana nuna miki kuɗin da ba naki ba ne na kashewa.

Wataƙila kin taɓa cin karo da tsarin 50/30/20, wanda Elizabeth Warren, wadda daga baya ta zama sanata a Amurka, da 'yarta Amelia Warren Tyagi suka yaɗa a 2005: rabin kuɗin shiga ga buƙatu, kashi 30 cikin ɗari ga abin sha'awa, kashi 20 ga ajiya da rage bashi. Shi ma gida uku ne, kuma yana da kyau a matsayin ma'auni. Abu biyu ne ke sa ba na ɗora mai farawa a kansa. Na ɗaya, yana mayar da ke kan muhawara da kanki a kan kowane saye: takalmin nan buƙata ne ko sha'awa? Zuciya kuwa gwanar lauya ce. Na biyu, kason bai dace da kowa ba. Tun 1857 wani masanin ƙididdiga Bajamushe, Ernst Engel, ya lura cewa gwargwadon ƙarancin kuɗin shigar iyali, gwargwadon girman kason da abinci ke ci a ciki. Mai ƙaramin albashi buƙatunsa kan zarce rabi nesa ba kusa ba, ba don almubazzaranci ba. Idan abin da za ki iya ajiyewa yanzu kashi 5 ne cikin ɗari, ki ajiye 5 ɗin kowane wata ba fashi, ki ƙara idan albashi ya ƙaru.

Idan akwai bashi mai kuɗin ruwa a kanki, biyan da aka wajabta miki duk wata yana gida na farko. Duk ƙarin da za ki iya yi kuma daga gida na biyu zai fito, kuma bayan 'yar ajiyar gaggawa, rage wannan bashin ya fi tara kuɗi, tunda ruwan da ake ɗora wa mai cin bashi yawanci ya fi abin da banki ke ba mai ajiya.

Wata biyun farko lambobinki ba za su zauna daidai ba. Idan kullum kuɗin mako suna ƙarewa tun Juma'a, kada ki ɗebo daga ajiya a ɓoye, ki zauna ki gyara lambar a fili, ko ki nemi abin ragewa a gida na farko. Idan kuma kin lura abu ɗaya ne ke cinye kuɗin makon, a ce sayayya ta intanet ko kyaututtuka, to a nan ne ya halatta ki buɗe gida na huɗu, na wannan abin shi kaɗai, ki yanka masa iyaka. Bayan wata biyu ko uku, in ya daidaita, ki rufe gidan ki mayar da shi cikin kuɗin mako.