Ku Tambayi Likita: Na haddace ƙwaƙwalwa, amma a gaban majinyaci kaina kullewa yake

TAMBAYA: Assalamu alaikum likitoci. Ni ɗaliba ce a aji huɗu na likitanci a nan Kassala, ƙasar Sudan. A aji biyu na ci jarrabawar tsarin ƙwaƙwalwa da jijiyoyi da hadda, amma yanzu da muka fara zagayen marasa lafiya, da an ce in duba mai shanyewar ɓarin jiki sai komai ya gudu. Yawancin 'yan ajinmu haka suke, wasu ma cewa suke fanni ne da ake gano cuta amma ba a warkarwa. Ta ina zan kama?

AMSA: Wa alaikumus salam, ƙanwarmu. Abin da ke damun ki har suna gare shi. A 1994 wani likitan ƙwaƙwalwa na Jami'ar Rochester ta Amurka, Ralph Jozefowicz, ya kira shi niyurofobiya, wato tsoron fannin jijiyoyi, ya kuma ce tushensa kasa haɗa ilimin aji da majinyacin da ke kwance. A ganinmu laifin na tsarin koyarwa ne. Ana ɗora wa ɗalibi hanyoyin jijiya barkatai tun bai ga mai ciwo ko ɗaya ba, bayan shekara biyu a ce ya tuno su a tsaye.

A bakin gado tambaya biyu ce, kuma jerinsu ba ya sauyawa. Ta farko: a ina ɓarnar take? Ta biyu: me ya jawo ta? Mai tsallake ta farko ya fara lissafo sunayen cututtuka, shi ne kansa ke kullewa.

Don amsa ta farko hanyoyi uku sun ishe ki a yanzu, muddin kin san inda kowacce ke tsallakawa ɗaya ɓangaren. Hanyar motsi tana saukowa daga ƙwaƙwalwa ta tsallaka a medula, can ƙasan kututturen ƙwaƙwalwa, dab da inda laka ta fara. Hanyar da ke kai labarin girgiza da matsayin gaɓa tana hawa ta bayan laka, ita ma sai a medula take tsallakawa. Ta uku, mai ɗauke da zafi da sanyi da jin tsini, tun a cikin laka take tsallakawa, mataki ɗaya ko biyu sama da inda ta shiga. Ki zana ukun nan da hannunki kullum har mako guda, ba tare da kallon littafi ba.

Daga nan ki raba raunin gida biyu. In ɓarnar tana sama, a ƙwaƙwalwa ko laka, gaɓa takan yi tauri, zaburar da ake gwadawa da 'yar guduma ta yi yawa, babban yatsan ƙafa ya ɗaga sama in an karci tafin ƙafa, wato alamar Babinski. In tana ƙasa, a saiwar jijiya ko jijiyar kanta, gaɓa takan saki, zabura ta ragu ko ta ɓace, tsoka ta rame, wani lokaci ki ga tana mutsu-mutsu a ƙarƙashin fata.

Ga yadda ake aiki da su. Dattijo ya zo hannun dama da ƙafar dama ba ƙarfi, baki ya karkace, magana ta sarƙe, amma yana iya ɗaga girarsa duka biyu: ɓarnar tana ɓarin hagu na ƙwaƙwalwa. Goshi ya tsira ne saboda yana samun umarni daga ɓari biyu. In kuwa rabin fuska duka ya mutu har goshi, ido ba ya rufuwa, hannu da ƙafa lafiya lau, to jijiyar fuska ce, ta bakwai a jerin jijiyoyin kai. In raunin fuska a hagu yake, na jiki a dama, ki nufi kututturen ƙwaƙwalwa. Ƙafa biyu sun mutu, fitsari ya tsaya, jin taɓi ya yanke a daidai cibiya: laka ce, matakin T10, wato mataki na goma a lakar sashen ƙirji, kan nono kuma T4. A ƙasa irin Sudan, mai wannan hoton da ciwon baya da rama da zazzaɓin dare, ki sa tarin fuka na ƙashin baya a sahun gaba, kuma kada ya kwana ba a sanar da babban likita ba.

Tambaya ta biyu lokaci ne ke amsa ta. Abin da ya faɗo cikin daƙiƙu ko mintoci, jijiyar jini ce ta toshe ko ta fashe. Sa'o'i zuwa kwanaki, ƙwayar cuta ko kumburi. Makonni zuwa watanni, ƙari ko tarin fuka. Shekaru, lalacewar da ke tafiya a hankali irin ta cutar Parkinson. Shi ya sa tarihin ciwo ya fi guduma. A nan ki yi hattara da harshe. Bahaushe in ya ce "hannuna ya mutu", yana iya nufin ba ƙarfi, yana iya nufin ba ya jin taɓi, kuma hanyoyinsu daban. "Jiri" ma haka: ki tambaye shi, ɗakin ne ke juyawa ko duhu yake gani in ya miƙe? Mai Larabci ma kada ki karɓi kalma ɗaya daga bakinsa ki wuce.

Kurakuran da aka fi yi kaɗan ne. Ana dukan tsoka maimakon agara. Ana rubuta "babu zabura" alhali majinyaci ya ƙanƙame jiki ne; ki sa shi ya sarƙe yatsun hannayensa ya ja da ƙarfi, ki sake bugawa. Ana manta kwatanta dama da hagu. Sannan a kwanakin farko na shanyewar jiki ko raunin laka gaɓa kan saki tukuna, taurin sai daga baya, kada wannan ya ruɗe ki. Kuma duk wanda ya zo a sume ko da rauni kwatsam, a auna sugansa kafin komai, don faɗuwar suga na kwaikwayon shanyewar ɓarin jiki sak.

Maganar "ba a warkarwa" kuwa tana mana ciwo, domin majinyata ne ke biyan kuɗinta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum miliyan 50 ke da farfaɗiya, kuma har kashi 70 cikin 100 za su iya rabuwa da faɗuwa in an gano ta an ba su magani daidai. Sanƙarau na jin magani in an fara da wuri. Zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai ana yi masa allurar atesunet ta jijiya, miligiram 2.4 kan kowane kilo ga babba, nan take, sai bayan awa 12, sai a awa 24. Toshewar jijiyar jinin ƙwaƙwalwa ma akwai allurar narkar da gudan jini cikin awa huɗu da rabi, inda ake da na'urar CT mai ɗaukar hoton cikin kai.

TAMBAYA: Likita, saura mako biyu jarrabawarmu ta gwaji a kan majinyaci. Me zan fi ba ƙarfi? Ɗalibi daga Gadarif.

AMSA: Ƙanenmu, ajiye babban littafi, nemi aboki. Ku duba juna sau biyu a rana da jeri ɗaya: kallo, taurin gaɓa, ƙarfi, zabura, daidaiton motsi, jin taɓi, sannan tafiya. Ƙarfi ana ba shi maki daga 0 zuwa 5, kuma 3 na nufin yana iya ɗaga gaɓar amma ba ya jure turi. Riƙe zabura huɗu da lambobin saiwoyin jijiyarsu: idon sawu S1, gwiwa L3 da L4, gaban damtse C5 da C6, bayan damtse C7. Don gwada jin girgiza, ƙarfen girgiza mai lamba 128 ake ɗorawa a ƙashin babban yatsan ƙafa. Bayan kwana uku ka koma ɗakin marasa lafiya, ka nemi izini, ka duba mutum ɗaya kullum, ka rubuta inda kake zaton ɓarnar take a jimla ɗaya kafin ka buɗe fayil ɗinsa.