Yadda za ka mayar da -5V zuwa +5V ya koma 0 zuwa 5V

Ɗan'uwa, ka ce na'urarka tana fitar da wuta daga -5V zuwa +5V, Arduino Uno kuma (ƙaramin allon kwamfuta da ake haɗa na'urori da shi) 0 zuwa 5V kawai yake karantawa, kana tambayar wane girman resista za ka saka wa op-amp, wato ɗan ƙaramin IC mai sarrafa sigina da ke da ƙafafun shiga biyu, (+) da (-), da mafita ɗaya.

Abu biyu kake bukata: a rage siginar zuwa rabinta, a ɗora mata 2.5V. Samo resista biyu masu 10k. Ɗaya ta taso daga siginar, ɗaya daga +5V, su haɗu a ƙafar (+) ta op-amp ɗin. Ƙafar (-) kuma ka haɗa ta kai tsaye da mafita. Abin da zai fito shi ne (Vin + 5) ÷ 2. Idan -5 ta shiga, 0 za ka gani. 0 ta ba ka 2.5, +5 ta ba ka 5.

Daidaituwarsu ta fi girmansu muhimmanci. Daga 10k zuwa 47k duk lafiya lau, amma nemi masu 1% (waɗanda kuskuren ƙimarsu ba ya wuce kashi ɗaya cikin ɗari), ka kuma gwada su da mita kafin ka yi soda. Da zafin Sakkwato na Afrilu da ke haura digiri 40, na fi yarda da masu 1% ɗin.

Inda mutane ke tuntuɓe shi ne op-amp ɗin nan mai suna LM358. Na taɓa kwana ina zargin resistocina, mita ta ƙi wuce 3.5V, ashe 5V na ba LM358 ɗin, shi kuwa ba ya kaiwa ƙololuwar wutar da aka ba shi. Ko ka ba shi 9V, ko ka nemi MCP6002, wani op-amp da ke kaiwa dab da ƙololuwar wutarsa. Sa kafasita 100nF dab da ƙafafun wutar op-amp ɗin.